Kafin Ka Biya Wa Ɗanka Kuɗin iRacing, Ka Lissafa Abin da Ba Ya Cikin Rasit

Idan ɗanka ko ƙanenka ya zo maka da batun iRacing, da wuya ya kira shi wasa. Zai ce maka makarantar tuƙi ce, zai ce zakarun duniya ma a nan suke atisaye, kuma kuɗinsa a wata bai taka kara ya karya ba. Akwai gaskiya a cikin maganarsa, amma guntuwa ce, kuma ragowar da ya bari ita ce ta shafi aljihunka da lafiyarsa.

Mu fara ba abin haƙƙinsa. iRacing manhajar tseren motoci ce ta intanet da wani kamfanin Amurka ya buɗe wa jama'a a shekarar 2008. David Kaemmer da John Henry, attajirin da kamfaninsa ya mallaki ƙungiyar ƙwallon Liverpool, su ne suka kafa shi. Ana auna filayen tsere na zahiri da na'urar leza a kwaikwaye su har da gargadar kwalta. Max Verstappen, wanda ya taɓa zama zakaran Formula 1, yana tsere a ciki, William Byron kuwa daga nan ya fara kafin ya lashe gasar Daytona 500 a 2024. Ba wanda ke musun ingancin aikin. Tambayar ita ce ko ya dace da gidanka.

Ga yadda kuɗin ke tafiya. Kuɗin rajista ya haura dala 10 a wata, kuma motoci da filaye kaɗan ne ke biye da shi. Kowace ƙarin mota ko fili sai an saya daban, galibinsu a kan fiye da dala 10. An raba shekara zango-zango na mako 12, kuma galibin gasanni suna sauya fili duk mako, saboda haka wanda ya wuce matakin 'yan koyo dole ya ci gaba da saye in yana son ya bi gasarsa. Ƙara da sitiyari da birki da totur na musamman, da kwamfuta mai ƙarfi, da intanet marar yankewa, da wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar tsere. Duk da dala ake lissafi, kai kuwa da naira ko sefa kake samun abincin gidanka.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: ranar da ka daina biyan kuɗin wata, duk motocin da filayen da ka ce ka saya sun kulle, sai ka sake biya za a buɗe maka. Haya ce aka yi wa sunan ciniki, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Wanda ya zuba ɗaruruwan daloli a ciki ba ya iya tsayawa cikin sauƙi, domin zuciyarsa na gaya masa cewa tsayawa asara ce. Sai ya sake biya don kada na baya ya tafi a banza, ya sake zama don kada kuɗin watan ya tafi a banza. Daga nan magana ta tashi daga aljihu ta koma jiki.

Masu kare wasan za su ce ai ana gumi, zuciya na bugawa. Haka ne, amma mai tsoro ma zuciyarsa na bugawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, yaro mai shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 a kullum. Juya sitiyari a kan kujera ba ya biyan wannan bashi. Idan a gidanku akwai tarihin ciwon suga, hawan jini ko ƙiba, kowace sa'a da aka ƙara wa zama an cire ta ne daga tafiyar da likita ya ce a yi. Dogon zama ba tare da miƙe ƙafa ba yana kuma ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, musamman ga wanda bai daɗe da yin tiyata ba.

Sai barci. Tsere yana farawa ne a ƙayyadadden lokaci tare da mutanen ƙasashe daban-daban, ba a dakatar da shi don an kira ka cin abinci, kuma ficewa na rage makin direba. Akwai gasannin da ke ɗaukar awa 24 ana karɓa-karɓa. Verstappen kansa ya sha suka a 2024 kan raba dare yana tseren kwamfuta ana gobe gasar Hangare. Shi yana da likitoci da masu horarwa. Ɗanka mai buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, mai jarrabawa da safe, wa yake da shi in ba kai ba?

Ban ce duk mai wasa ya kamu da cuta ba. Mafi yawansu lafiya lau suke. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin bidiyo cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, da alamomi uku: kasa sarrafa lokacin wasa, fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba da yi duk da cutarwar da ta bayyana, galibi tsawon wata 12. Tsarin da ke ba ka maki, ya ɗaga ka mataki-mataki, ya kuma kulle kayanka in ka huta, ba tsarin da zai taimaki mai rauni ya ja birki ba ne.

Akwai wanda kuɗin ya halatta a gare shi: babba mai abin hannunsa, wanda tseren mota ne sha'awarsa ta gaske, ko majinyacin da lalura ta tsare a gida yake samun abokan hulɗa ta wannan hanya. Ko shi, in yana da farfaɗiya, ciwon zuciya, ko ciwon wuya da wuyan hannu, ya fara tuntuɓar likitansa, domin sitiyarin mai ƙarfi yana fizgar hannu, gilashin da ake ɗaurawa a ido kuma yana jawo wa wasu jiri da tashin zuciya.

In har ka ga sai an gwada, ka biya wata guda tak, ka kashe sabuntawa ta kai tsaye, kada a sayi ƙarin mota ko ɗaya. Ka sa lokacin kashe kwamfuta da dare, a riƙa tashi ana miƙe ƙafa bayan kowane tsere. Ƙarshen wata ka duba abu uku: barcinsa, karatunsa, da yadda yake amsa maka in ka ce ya isa. Idan ɗaya ya taɓu, kada ka sabunta, ko da ya yi fushi. Fushin mako guda ya fi sauƙin jinya a kan ɗabi'ar shekara guda.