Labarin Ƙasa: Wai Wa Ya Gano Kogin Kwara?



Akwai tambayar da kusan dukanmu muka haddace amsarta tun muna firamare. Malam ya ce, "Wa ya gano Kogin Neja?" sai aji ya ɗauka baki ɗaya, "Mungo Park!" A wannan makon za mu kai tambayar bakin ruwa a Yelwa, mu ga ko za ta faɗu a gaban dattijon da kakanninsa Gungawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna zaune a tsibiran tsakiyar kogin.

Mu fara da kogin kansa. Kwara, kamar yadda muke kiransa, ya taso daga tsaunukan ƙasar Gini, inda tsakaninsa da Tekun Atlantika bai wuce kilomita 240 ba. Maimakon ya gangara can kusa ya huta, sai ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa Bamako da Segu har kusa da Tumbuktu a bakin Sahara. Daga nan ya karkato kudu maso gabas, ya bi ta Gao da Yamai da Gaya, ya shigo Jihar Kebbi, ya wuce Shanga da Yauri da Ngaski. Kafin ya kai teku ya ci kimanin kilomita 4,200. A Afirka, Nilu da Kwango ne kaɗai suka fi shi tsawo.

Wannan doguwar tafiya ce ta sa ruwa ke cika sau biyu a shekara a wajenmu. Cikar farko ta damina ce, wajen Satumba da Oktoba, daga ruwan saman da ya sauka a ƙasashen da ke kusa. Yana zuwa da laka, ya yi gurɓi-gurɓi, shi ake kira farin ruwa. Sai kuma a tsakiyar hunturu, sama ba ko gajimare, a ga kogi ya sake tasowa da ruwa garau. Wannan baƙin ruwa ke nan, kuma ruwan daminar Gini ne. Da ya iso Mali sai ya malale cikin wata makekiyar fadama kafin Tumbuktu, ya ajiye lakarsa, ya yi ta jan jiki, har ya shafe watanni kafin ya iso mana. Manomin albasa a Yauri ba ya buƙatar littafi ya gaya masa lokacin zuwansa, amma sai da taswira a hannu mutum zai gane cewa ruwan da ya cika masa fadama a Janairu ya sauka ne a wata ƙasa tun wajen Agusta.

Kowace al'umma ta san nata yankin kogin, ta kuma ba shi suna. Mutanen Mande suna ce masa Joliba, Songhai su ce Isa Ber, Yarbawa su ce Oya. Turawa kuwa labarinsa kawai suke ji, ba su ma san inda ya dosa ba. Wasu suka ce yamma yake gudu, wasu suka ce reshen Nilu ne, wasu suka ce yana ƙarewa cikin wani tafki a tsakiyar Afirka. A 1796 Mungo Park, wani likita ɗan Sikotlan, ya isa Segu ya ga ruwan da idonsa yana gudu gabas. Abin da ya kai gida ke nan, kuma a wajensu babban labari ne.

A 1805 ya dawo da niyyar bin kogin har ƙarshensa, yana zaton zai ɓulla Kwango. Turawa sama da 40 suka taso daga Gambiya a tsakiyar shirin damina. Zazzaɓi da atuni suka yi ta ɗibarsu, har ya zama biyar kacal suka rage lokacin da jirginsu ya bar Sansanding a watan Nuwamba. Park ya ƙi tsayawa ya gaisa da sarakunan hanya ko ya biya kuɗin fito, wanda ya matso kusa sai harbi. Haka ya iso Yauri a farkon 1806. A nan yarjejeniyarsa da ja-goransa kuma tafintansa, Amadi Fatuma, ta ƙare, ya sauka. A faɗar Amadi, kyautar da Park ya bari a kai wa sarki ba ta isa fada ba, sarki ya fusata ya tura mutane su tare shi. Park ya ci gaba ba ja-gora, ya shiga inda kogi ya tsuke tsakanin duwatsu a Busa, jirgi ya maƙale, aka yi ta ruwan kibau, ya faɗa ruwa bai sake tasowa ba. Wanda ya san fito a wajen ya san ba a shiga duwatsun Busa da ka.

Bayan shekara 18, wani Bature, Hugh Clapperton, ya zo Sakkwato ya nemi izinin zuwa Yauri. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai bar shi ba, amma ya ba shi taswirar ƙasashen yankin da kogin a ciki. Clapperton ya sake dawowa, ya rasu a Sakkwato a 1827. Yaronsa Richard Lander ne ya komo a 1830 tare da ƙanensa John. Suka yi makonni a Birnin Yauri, wanda yake cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski a yau, suna neman takardun Park, ba su same su ba. A watan Satumba suka shiga kwalekwale daga Busa, masu fito na gari-gari suna miƙa su gaba, har suka fita teku a Nuwamba. Abin dariyar shi ne, waɗannan bakunan ruwa da suka ɓulla ta cikinsu, jiragen Turawa sun fi shekara 300 suna ciniki a wurin, ba su san Kwara ne ya rarrabu ba.

Don ku gane yadda kogin ya wahalar da su: a 1820 ma'aikatan jiragen ruwa sun riga sun hango zirin ƙasar Antatika, wanda ya miƙo daga ƙarshen kudancin duniya yana fuskantar Kudancin Amurka, lulluɓe da ƙanƙara, ga tsibirai masu aman wuta a gefensa. Wato sun ga gindin duniya shekara goma kafin su san inda ruwan Yelwa yake zuba. Can kam kalmar "ganowa" ta zauna daidai, don babu mahaluƙin da ya taɓa zama a wurin. Nan kuwa akwai sarakuna da kasuwanni da mafitai, fatake suna ƙetarewa zuwa Gwanja sayen goro. A ganinmu, abin da za a yaba wa Park da 'yan gidan Lander shi ne sun haɗa guntayen kogin a takarda guda. Wannan aiki ne, ba mu raina shi ba. Idan tambayar ta fito a jarrabawa, ku rubuta abin da manhaja ta nema, amma ku san iyakar ma'anarsa.

Yanzu kogin da suka bi ma ba ya nan yadda suka gan shi. An gina madatsar ruwa ta Kainji daga 1964 zuwa 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 130, yalwarsa ta haura murabba'in kilomita 1,200. Tsohuwar Busa da duwatsun da suka ci Park suna ƙarƙashinsa. Haka tsibirai da gonaki da maƙabartu masu yawa na Gungawa da Kambari da Shangawa da Lopawa. Mutum fiye da 40,000 aka tayar aka sake wa matsuguni. Wanda yake saurayi a lokacin, yau ya haura saba'in, kuma a kansa taswirar abin da ke ƙasan tafkin take: inda dutse yake, inda kututturan manyan itatuwa suke tsaye, inda tsohuwar hanyar ruwa mai zurfi ta bi. Duk wanda ya tuna hatsarin jirgin da ya auku kusa da Wara a watan Mayun 2021, inda aka rasa rayuka masu yawa, ya san fito a wannan tafki ba abin wasa ba ne, ko da yake a wancan hukumomi sun ɗora laifin a kan lodi fiye da kima.

Ga aikinmu na hutu. Ɗaliban Yauri da Ngaski da Shanga, kowa ya sami kaka ko wani tsohon masunci, ya gaishe shi da ladabi, ya roƙe shi sunayen tsibirai da ƙauyukan da ruwa ya ci. Ku rubuta sunan yadda ya furta shi da harshensa, da ma'anarsa, da garin da mutanensa suka koma, da abin da ake nomawa ko kamawa a wurin. In za ku iya, ku zana a takarda, ku nuna gabas da yamma, ku kai masa ya duba ya gyara. Ku sa sunan makaranta da aji, ku aiko ta hannun malamin labarin ƙasa. Waɗanda suka fi cika za mu buga su a wannan shafi.