Ba kowane ƙari ne ciwon daji ba: Darasi daga cutar aktinomaikosis

A duk ranar 4 ga Fabrairu ana gangamin wayar da kai kan ciwon daji, kuma saƙon da ake nanatawa shi ne a garzaya asibiti da zarar an ji ƙullutu a jiki. Saƙon daidai ne. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne hujjar da ake dogara da ita kafin a ce wa mutum daji gare shi.

Cutar aktinomaikosis, wadda likitan Jamus James Israel ya bayyana a jikin ɗan'adam a 1878, ta nuna muhimmancin wannan hujja. Ƙwayar bakteriyar da ke haddasa ta na zaune a baki da hanji da al'aurar mata ba tare da cutarwa ba, har sai ta samu kafar kutsawa cikin tsoka: cire haƙori, ruɓewar dasashi, tiyatar hanji, ko robar tsarin iyali da ta daɗe a mahaifa. Ba a ɗaukar cutar daga wani.

Daga nan sai ta tara ƙari mai tauri da ke girma sannu a hankali, galibi a muƙamuƙi da wuya, wani lokaci a huhu ko mara. Majinyaci yakan rame, hoton asibiti kuma ya nuna abin da ya yi kama da daji ko tarin fuka. Akwai rahotannin likitoci da dama na mutanen da aka cire wa mahaifa ko sashen hanji, sai daga baya gwaji ya nuna ba daji ba ne.

Abin da ke raba gardama shi ne a yanki ɗan nama daga ƙarin a duba shi da madubin likita, inda akan ga dunƙulen ƙwayoyin cutar. Rainon ƙwayar a ɗakin gwaji kan kai mako biyu zuwa uku, kuma maganin da aka sha tun farko daga kemis na iya hana ta tsirowa.

Idan aka gano ta, magani ba boyayye ba ne: allurar penisilin ta jijiya na mako biyu zuwa shida, sannan ƙwayar amoksisilin ta wata shida zuwa shekara. Mafi yawan majinyata na warkewa, wasu ba tare da tiyata ba.

A Najeriya, wannan gwaji ya fi samuwa a manyan asibitoci irin na koyarwa da ke Kano da Zariya, kuma yawanci majinyaci ne ke biya daga aljihunsa. Wanda ya gaza yakan koma gida da fargaba, ko ya ƙarar da jarinsa wajen masu maganin gargajiya.

Wajibi ne gwamnatocin jihohi su samar da hanyar tura samfuri daga ƙananan asibitoci zuwa ɗakunan gwaji, hukumomin inshorar lafiya kuma su sauƙaƙa biyan kuɗinsa. Shi ma majinyaci haƙƙinsa ne ya tambayi likita sakamakon gwajin nama kafin ya amince da babbar tiyata, matuƙar ba ta gaggawa ba ce.