Taswira Ma Shaida Ce: Darasi Daga Tsofaffin Taswirorin Falasɗinu

 

Idan aka rushe gari, aka kori mutanensa, aka sauya masa suna, aka dasa itatuwa a kan kufansa, wa zai tsaya ya ce a nan garin yake? Dattawan da suka san wurin suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Shaidar da take saura, wadda ba ta tsufa kuma ba ta mantuwa, ita ce taswira.

A lokacin da Birtaniya take mulkin Falasɗinu, ta kafa ma'aikatar safiyo a 1920, wadda ta auna ƙasar ta zana ta dalla-dalla. Daga cikin abin da ta bari akwai taswirori masu ma'aunin 1:20,000, wato kowace santimita ɗaya a takarda tana madadin mita 200 a ƙasa. A cikinsu ana ganin ƙauyuka da sunayensu, da gonaki, da rijiyoyi, da masallatai, da coci-coci, da maƙabartu. Ba don ƙaunar Falasɗinawa aka zana su ba. An yi su ne don rajistar filaye da haraji da sauƙin mulki. Amma da musibar 1948 ta auku, aka raba mutane sama da 700,000 da gidajensu, waɗannan takardu sai suka zama hoton ƙasar na ƙarshe kafin a sauya mata kama. Masanin tarihi Walid Khalidi ya lissafa ƙauyuka 418 da aka raba da mazaunansu a wancan lokaci.

Shekaru da dama taswirorin suna ajiye a ɗakunan adana tarihi, sai mai izini da hali yake kaiwa gare su. A 2018 ƙungiyar Visualizing Palestine da abokan aikinta suka ƙaddamar da shirin Palestine Open Maps. Sun ɗauki hotunan taswirorin, waɗanda babban ɗakin karatu na Isra'ila ya riga ya mayar zuwa tsarin kwamfuta, suka haɗa su wuri guda, suka daidaita su da hotunan tauraron ɗan'adam na yau, suka saka su a intanet kyauta. Masu aikin sa kai kuma suka riƙa taruwa suna bin layukan tsofaffin hanyoyi da gine-gine suna mayar da su bayanan da kowa zai iya saukewa. Yanzu jikan ɗan gudun hijira da aka haifa a sansani a Labanon ko Jodan yana iya buɗe wayarsa ya ga inda ƙauyen kakansa yake, ya kuma ga abin da ke wurin a yau. Gani ya kori ji.

Masu ƙarfi sun san nauyin wannan shaida. Tun daga 1997, wata dokar Amurka da ake kira Kyl-Bingaman ta taƙaita ingancin hotunan tauraron ɗan'adam na Isra'ila da yankunan Falasɗinawa da kamfanonin ƙasar za su iya sayarwa. Abin da bai kai kimanin mita 2 ba, ba a bambance shi. Sai a 2020 aka sassauta zuwa santimita 40, bayan da wasu masana kayan tarihi na Jami'ar Oxford suka nuna cewa kamfanonin wasu ƙasashe sun daɗe suna sayar da hotunan da suka fi haka kyau. Amfanin buɗewar ya bayyana a yaƙin Gaza da ya ɓarke a Oktoban 2023: da irin waɗannan hotuna cibiyar UNOSAT ta Majalisar Ɗinkin Duniya take ƙidaya gine-ginen da aka rushe, tana fitar da sakamakon ga duniya.

Shari'armu ta tsananta a kan ɓoye shaida, ta kuma yi gargaɗi mai tsanani ga mai cin iyakar ƙasar wani ko mai sauya alamomin iyaka. Wanda ya kulle taswirar da za ta bayyana haƙƙin wani, ya kusanci wannan laifi. Wanda ya buɗe ta don amfanin jama'a kuwa, ana fata ya samu ladan ilimi mai amfani.

Sai dai adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Wuƙar da ake yanka ragon layya da ita tana iya yanka mai ita. Bayanin da yake nuna wa likita hanyar ƙauye, shi ne yake nuna wa ɗan ta'adda. Don haka abin da ya shafi jama'a, kamar iyakoki, hanyoyi, koguna, makarantu da asibitoci, a buɗe shi. Abin da ya shafi sirrin gidaje da tsaron rayuka kuwa, amana ce, a tsare shi.

Wannan darasi bai tsaya a Falasɗinu ba, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da shaidun da suke kwance a cikin ƙura. A ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna akwai takardu da taswirorin zamanin Turawa, alhali muna ta rigima a kan burtali da makiyaya, ana cinye filayen idi da maƙabartu, ana gini a kan badalar Kano. Da an ɗauki hotunan waɗannan takardu an saka su inda alƙali da mai unguwa da manomi da makiyayi za su gani, da ƙarya ta rage samun wurin ɓuya.

Ɗalibanmu masu karatun labarin ƙasa da kwamfuta, ga aiki a gabanku. Kwamitocin masallatai kuma, ku auna filayen waƙafin da ke hannunku, ku zana su, ku ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya tun dattawan da suka san iyakokin suna raye.

Allah Ya mayar wa waɗanda aka zalunta haƙƙinsu, Ya sa mu zama masu tsayar da shaida saboda Shi. Amin.