Kufai Ba Ya Son Ƙarya, Ko Da a Minecraft Ne

A shekarar 2023 aka ƙara buroshi a wasan Minecraft, wanda ake share yashin kufai da shi sannu a hankali har tsingaro ya bayyana. Wanda ya yi gaggawa ya sa shebur, abin da ke ciki ya salwanta ke nan. Masu haƙar kayan tarihi sun daɗe da sanin haka: abin da aka tone ba ya komawa yadda yake.

Duk da haka, ana samun ɗan wasan da zai tarar da kango ya mayar da shi fadar da ransa ke so. A ganina kuskure ne. Arthur Evans, wanda ya fara haƙar Knossos a tsibirin Kirit a 1900, ya sake gina sassan fadar da kankare bisa hasashensa, kuma har yau masana na sukarsa. Yarjejeniyar Benis ta 1964 ta tanadi cewa gyara ya tsaya inda hasashe ya fara, sabon aiki kuma ya bambanta da tsoho.

Saboda haka a ɗauki hoton kangon tukuna, a bi sawun harsashinsa, a cike giɓi da tubali mai wani launi dabam. Wani zai ce ai wasa ne. Gaskiya ne, amma yaron da ya saba raba shaida da zato a wasa zai nemi wannan bambanci ranar da aka ba shi labarin tarihinsa.