Ƙurji a Leɓe: A Kai wa Likita Tun Yana Ɗanye



Tun da zafi ya kankama, maganar leɓe ta yi yawa a ɗakunan kwananmu na Dubai Investments Park. Wani leɓensa ya tsage har jini yake in ya yi dariya, wani kusurwar bakinsa ce ta dare, wani kuma ya wayi gari da ƙananan ƙuraje masu ruwa sun taru a gefen leɓe. Duk mun haɗa mun ba su suna ɗaya. A Nima da Aboabo cewa muke zazzaɓi ne ya fito, a shafa man kaɗanya a wuce wurin. A nan kuwa, da waya ta shigo cikin zancen, sunan ya koma "hapis", kuma da zarar an furta kalmar sai a fara kallon mutum a kaikaice.

Wani ɗan'uwa mai aikin gadi a ɗaya daga cikin manyan rumbunan kaya ya ba mu labarinsa, ya kuma yarda mu faɗa ba tare da suna ba. Kusurwar bakinsa ta yi makonni tana darewa. Abokan ɗaki suka fara zolaya, ɗaya ya daina shan shayi da kofinsa. Sai ya ga tallar wani ɗakin gwaji a waya, ya biya daga aljihunsa, aka ɗebi jini. Sakamako ya ce akwai. Kwana uku bai runtsa ba: me zai gaya wa matarsa a Kumasi, kuma ina makomar bizarsa? Da ya daure ya je wurin likita, sai aka ce abin da ke bakinsa naman gwari ne ya samu wurin zama inda miyau ke taruwa. An ba shi man shafawa, ya warke. Takardar da ta hana shi barci ba ta da alaƙa da ciwon da ya kai shi.

Ba ƙarya takardar ta yi ba, kuma nan ne muke so a tsaya a fahimta. Gwajin jini ba ya ganin leɓenka. Abin da yake nema shi ne alamar da garkuwar jiki ke bari bayan ta taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar, ko da shekara talatin da suka wuce ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50, wato kashi 64 cikin ɗari, suna ɗauke da nau'in da ake kira HSV-1, wanda shi ne ya fi kawo ƙurajen leɓe. Mafi yawa tun suna yara suka samu, ta sumbar uwa ko goggo, ko ta miyau a wajen wasa da cin abinci. Da yawa ba su taɓa ganin ƙurji ko ɗaya ba. Ke nan da za a jera mu bayan sallar Juma'a a ɗebi jinin kowa, masu zolaya da wanda ake zolaya takarda iri ɗaya akasarinsu za su karɓa. Shi ya sa hukumomin lafiya a Amurka ba sa ba da shawarar a riƙa yi wa marasa alama wannan gwaji: tsoron da yake haifarwa ya fi amfaninsa yawa, kuma wani lokaci yakan ce akwai alhali babu.

Gwajin da ke ba da amsa shi ne na ƙurjin kansa. Likita zai goga ɗan tsinke mai auduga a kan ruwan ƙurjin, a kai ɗakin gwaji a nemi ƙwayar cutar kai tsaye, wanda suke kira PCR. Amma sai ƙurjin yana ɗanye, kwana ɗaya ko biyu da fitowarsa. In ya bushe ya yi ɓawo, ana iya gogawa a rasa komai. Mu kuwa ɗabi'armu ita ce mu rufe baki da takunkumi, mu jira mako guda, sai abin ya kusa warkewa sannan mu je. Sau da yawa ma likita ba ya bukatar gwaji. In ya ga ƙurjin a kan lokaci ya ji yadda ya faro, ya gane.

Domin ƙurjin hapis yana da hali nasa. Kafin ya fito mutum zai ji wurin yana ƙaiƙayi ko zugi ko zafi-zafi, yini guda ko makamancin haka. Sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito a dunƙule, galibi daidai inda leɓe ya haɗu da fatar fuska. Su fashe, su yi ɓawo, su warke cikin kwana bakwai zuwa goma, wani lokaci har mako biyu. Kuma yana son komawa wurin da ya saba. Dalili shi ne ƙwayar ba ta barin jiki. Takan bi jijiya ta je ta kwanta can cikin kai, sai wani abu ya tashe ta. Zazzaɓi na tashe ta, don haka iyayenmu ba su yi kuskure ba da suka haɗa shi da zazzaɓin sauro. Gajiya da rashin barci da damuwa na tashe ta, haila ma haka, sai kuma rana mai ƙarfi. Duk wanda ya san aikin dare da na rana a jere, ga tunanin kuɗin da za a aika gida, ga ranar Yuli, ya san ba mu rasa ko ɗaya ba. Hutun tsakar rana da doka ta tanada, daga 12:30 zuwa 3:00 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, a yi shi a inuwa.

Sauran ciwukan kuwa kowanne da kamanninsa. Tsagewar leɓe bushewa ce kawai: a waje rana, a ciki na'urar sanyaya ɗaki ta tsotse damshin iska, kamar hunturun Tamale amma babu ranar ƙarewa. Babu ƙuraje masu ruwa, kuma lasar leɓe ƙara ta take yi. A sha ruwa, a shafa man kaɗanya ko basilin. Darewar kusurwar baki, irin ta ɗan'uwan nan, takan zo daga naman gwari ko bakteriya, wani lokaci daga ƙarancin sinadarin ƙarfe ko bitamin B a jiki. Ɗan gyambon da ke fitowa a cikin baki, fari da jan zobe, mai zafi in an ci yaji, shi ba ya yaɗuwa sam. Akwai kuma wanda sabon man goge baki ko jan-baki ne bai karɓe shi ba.

Guda biyu ne ba mu so a yi wasa da su. Gyambon da ba ya zafi, mai tauri, yana iya zama tunjere, kuma a nan gwajin jini na da amfani ƙwarai, maganinta allura ce. Sai duk wani ciwon leɓe ko baki da ya wuce mako uku bai warke ba, musamman ga mai shan taba ko shisha: wannan a kai shi a duba, kada a tsaya neman shawarar abokin ɗaki.

Mu dawo kan biza, don mun san ita ce ke hana mutane zuwa asibiti. Gwajin lafiya na takardar zama yana neman ƙanjamau da tarin fuka, ga wasu sana'o'i kamar masu harkar abinci da masu aikin gida a ƙara ciwon hanta nau'in B da tunjere. Hapis ba ya ciki. Ba a mayar da kowa gida saboda ƙurjin leɓe. Kuma dokar Dubai mai lamba 11 ta 2013 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya yi masa inshorar lafiya. Katin nan da ke cikin walat ɗinmu na ganin likita ne. Ya fi arha a kan kuɗin da muke zubawa a gwaje-gwajen talla.

Magani akwai, ko da yake ba ya kashe ƙwayar har abada. Asiklobiya, na shafawa ko na sha, yana rage kwanaki da zafi in an fara tun lokacin ƙaiƙayi. Wanda abin ke yawan dawo masa ya gaya wa likita, akwai tsarin da ake ɗora mutum a kai. Abin da muke roƙo a bari shi ne man shafawar nan mai haɗe-haɗe da ake kawo mana cikin tsarabar gida, wanda ake shafa wa kowane ciwon fata. Yawancinsa na ɗauke da sinadarin sitiroyid, yana kwantar da garkuwar wurin, ƙwayar ta samu fili. Haka man goge baki da toka da ruwan batir. Wannan na ƙarshe ma ba mu san wanda ya fara kawo shi ba, Allah ya shirye shi.

Ba muna cewa abin ba ya yaɗuwa ba ne. Yana yaɗuwa, kuma ya fi yi lokacin da ƙurjin ke da ruwa. A waɗannan kwanaki mutum ya ware kofinsa da cokalinsa da tawul da reza, kada ya taɓa ƙurjin ya kai hannu ido, don in ta shiga ido tana iya taɓa gani. Ma'aurata su haƙura da sumba da duk wata kusanta ta baki har ya warke, saboda ƙwayar na iya sauka a al'aura. Ware kofi na mako guda daban, ware mutum daban.

Inda muka fi jin tsoro shi ne gidan suna. Abin da yake ɗan ƙurji ga babba yana iya kashe jariri, don garkuwarsa ba ta yi ƙwari ba a makonnin farko, ƙwayar na iya kaiwa ƙwaƙwalwa da hanta. Mu kuwa ranar bakwai jariri hannu-hannu yake zagayawa, kowace goggo da sumbarta. Mai ƙurji a leɓe, ko mai jin ƙaiƙayin fitowarsa, ya yi barka daga nesa, ya wanke hannu, kada ya sumbaci yaro. Malam ko kaka da za su tauna dabino su sa wa jariri a baki, in suna da shi, su wakilta wani; addu'arsu na isa daga inda suke zaune. Uwa mai ƙurjin leɓe ta ci gaba da shayarwa, ta rufe bakinta ta riƙa wanke hannu. In kuwa jariri ɗan ƙasa da wata guda ya yi zazzaɓi, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi da yawan barci, ko ƙuraje masu ruwa suka fito masa a fata ko kusa da ido, a kai shi sashen gaggawa a daren, ba sai gari ya waye ba. Lambar motar asibiti 998 ce.