Christian Okoye: Ɗan wasan da muka yar, Amurka ta tsinta

A ƙarshen kakar wasa ta 1989, babu ɗan wasa ko ɗaya a NFL, babbar gasar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, da ya kai Christian Okoye nisan gudu da ƙwallo a hannu. Ya ci yadi 1,480, ya ɗara Barry Sanders na ƙungiyar Detroit Lions da yadi goma kacal. Shekara shida kafin nan, wannan haifaffen Inugu bai taɓa buga wasan ba. ’Yan Najeriya da suka san labarinsa sukan ba da shi cikin alfahari. A ganina, labari ne da ya kamata ya sa mu sunkuyar da kai, domin ƙofar da muka rufe masa ce ta tura shi wancan fili.

An haifi Okoye a ranar 16 ga Agusta, 1961. Ya taso yana buga ƙwallon ƙafa kamar sauran yara, daga baya ƙirar jikinsa ta kai shi ga wasannin jifa, musamman jifan faifai. A 1982 ya tafi Jami’ar Azusa Pacific da ke jihar Kalifoniya, inda abokinsa, ɗan tseren nan Innocent Egbunike, yake karatu. Burinsa shi ne ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta 1984 a birnin Los Angeles, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba daga makarantarsa. Da aka fitar da sunayen tawaga, babu nasa a ciki, duk da cewa, kamar yadda shi kansa ya sha faɗa, nisan jifansa ya kai a tafi da shi. Egbunike ya shiga gasar, shi da abokansa uku suka ciyo wa Najeriya tagulla a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu. Okoye kuwa ya zama ɗan kallo. Cikin wannan ɓacin rai ya nemi a gwada shi a ƙungiyar zari-ruga ta jami’ar, yana da shekara 23, shekarun da takwarorinsa Amurkawa sun fi shekara goma suna wasan.

Ga mai karatun da bai saba da wasan ba, ’yan wasa goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, kuma ana bai wa masu kai hari dama huɗu su matsa gaba da ƙwallo yadi goma, in sun kasa ta koma hannun abokan karawa. Aikin da aka ba Okoye shi ne na mai rugawa da ƙwallo: ya tsaya a baya, a damƙa masa ita, ya kutsa tsakiyar ƙattin da ke jiran su kayar da shi. Wasu da zilliya suke tsira a wannan aiki. Okoye da ƙarfi yake bi ta kan mutum, domin nauyinsa ya haura kilo 110, ga shi kuma da saurin ɗan tsere. Abin da ya sa ke nan aka laƙaba masa “Nigerian Nightmare”, wato mugun mafarkin da ya fito daga Najeriya.

Ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a zagaye na biyu na zaɓen sabbin ’yan wasa na 1987. A shekararsa ta farko ya ci yadi 660. Da Marty Schottenheimer ya karɓi horar da ƙungiyar a 1989, sai ya gina harinta a kan kafaɗun Okoye, aka damƙa masa ƙwallo sau 370 a kaka guda. A 1991 ya sake haura yadi dubu, aka zaɓe shi karo na biyu cikin wasan taurari na gasar. Ya bar fili bayan kakar 1992 da yadi 4,897, kuma sau 40 yana kai ƙwallo maƙurar fili da gudu. A shekarar 2000 ƙungiyar ta sanya shi cikin jerin gwarzayenta.

Na san wani zai ce wani hani ga Allah baiwa ne, da an tafi da shi Olamfik da bai samu wannan suna da dukiya ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, to amma dacen da Okoye ya yi ba ya wanke waɗanda suka bar shi a baya. Sannan baiwar ba kyauta ta zo ba. Karɓar ƙwallo sau 370 na nufin karo da ƙatti kusan sau 370 cikin wata huɗu. Har yau Amurkawa na maimaita hoton karon da Steve Atwater na Denver Broncos ya yi da shi a 1990. Ciwon gwiwa ya ci ƙarfinsa, kaka shida kawai ya yi, ya daina wasa yana ɗan shekara 31, alhali masu jifan faifai da dama a irin waɗannan shekaru suke kan ganiyarsu. Ya biya kuɗin sunan da ya yi da jikinsa.

Da a ce abin ya tsaya a 1984, da sai mu ce kuskure ne na wani zamani. Amma a 2021, ana dab da fara wasannin guje-guje a gasar Olamfik ta Tokyo, aka haramta wa ’yan wasan Najeriya goma shiga, ba don an same su da shan ƙwaya ba, sai don ba a yi musu adadin gwaje-gwajen da doka ta shar’anta ba, aikin da ya rataya a wuyan hukuma. Cikinsu akwai Annette Echikunwoke, mai jifan guduma, wadda aka haifa a Amurka amma ta zaɓi wakiltar ƙasar iyayenta. Ta koma wa Amurka, ta ciyo mata azurfa a gasar Paris ta 2024. A wannan gasar ce aka kasa shigar da sunan Favour Ofili a tseren mita 100 da ta cancanci shiga, kuma a cikinta ne Najeriya ta dawo gida ba ko da tagulla ɗaya. Shekara arba’in ke tsakanin Los Angeles da Paris, amma cutar ba ta sauya ba.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Maganin bai fi ƙarfinmu ba, kuma ba ya cin kuɗi masu yawa. A wallafa sharuɗɗan zaɓen tawaga tun shekara guda kafin gasa, kowa ya san nisan da zai jefa ko lokacin da zai ci. A bayyana dalilin barin duk wanda ya cika sharaɗi aka bar shi, a kuma ba shi inda zai ɗaukaka ƙara kafin a rufe rajista. Jami’in da sakacinsa ya hana ɗan wasa shiga gasa a ambaci sunansa, ya bar kujerar. Ɗan wasa shekaru ƙalilan yake da su, gasar Olamfik kuma sai bayan shekara huɗu take zagayowa, wanda ya rasa guda ɗaya sau da yawa ya rasa ta har abada.

Okoye ya yi dace, ya faɗa hannun jami’ar da ta yarda ta koya wa ɗan shekara 23 wasa daga tushe. Mafi yawan waɗanda aka tsallake sunayensu ba su da irin wannan jami’a, gida suke komawa, ba a sake jin ɗuriyarsu. Kafin gasar Olamfik ta 2028, wadda za a sake yi a Los Angeles ɗin da aka hana Okoye zuwa, hukumomin wasanninmu na da sauran lokacin da za su tabbatar cewa duk wanda jifansa ko gudunsa ya kai, sunansa ya shiga takarda.