Ina Kumbar Rafinmu Ta Tafi?



Ya ɗan uwa mai karatu, kakata, Allah Ya jiƙanta da rahama, mace ce mai kaɗi. A gefen tabarmarta kullum akwai mazari da auduga da wata kumba da take zuba alli a ciki, tana dangwalawa da yatsa kafin ta murza zare. Kumbar nan ba sayenta ake yi ba. Mu yara ake aikawa rafi da rani, idan ruwa ya ja baya, mu tono ta cikin yashi, mu dawo da ita cike da aljihu. A ranin da ya gabata na koma wannan rafi, a ƙasar da ke tsakanin Makarfi da Hunkuyi, na bi gaɓarsa tun bayan la'asar har rana ta kusa faɗuwa, ban tsinci ko ɓawo ɗaya ba. Abin da na tarar shi ne robobin maganin feshi, da ramukan da masu tifa suka bari bayan sun kwashe yashi, da rake wanda aka shuka har bakin ruwa.

Na san wani zai ce, to mene ne abin damuwa a kan halittar da ba cin ta muke yi ba? Ni ma haka na ɗauka da farko. Amma kumba ba zaune take banza a ƙarƙashin ruwa ba. Dare da rana tana zuƙar ruwa, ta tace abin da ke yawo a cikinsa ta ci, ta fitar da shi ya fi yadda ya shigo tsabta. Wani abin mamaki kuma, 'ya'yanta ba sa girma sai sun fara maƙalewa a jikin kifi na ɗan lokaci, sannan su saki su faɗa ƙasa. Ashe ke nan wanda ya zuba guba a gurbi don ya kwashe kifi cikin dare ɗaya, ya haɗa da zuriyar mai tace masa ruwan sha bai sani ba. Manyanmu sun san Gammalin 20, maganin ƙwarin da aka daɗe ana kashe kifi da shi a ƙasar nan. Sinadarin da ke cikinsa tun 2009 aka sanya shi cikin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a daina, amma ɗabi'ar ba ta mutu ba, kwalba kawai ta canza.

Wannan asara ba mu kaɗai ta sama ba. Kumba tana da 'yar uwa a bakin teku wadda ake kira kawa, ita kuwa ana cin ta, ana kuma kasuwancinta. Kawa tana manne wa 'yar uwarta, ɗaya kan ɗaya, shekara da shekaru, har su zama tudu a ƙarƙashin ruwa kamar ganuwa. A wannan tudu ƙananan kifaye ke fakewa, shi ne kuma ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta ci gaɓa. Babbar kawa guda, idan yanayi ya yi mata daidai, takan tace ruwan da ya kusa lita 190 a yini. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya ƙiyasta cewa kashi 85 cikin 100 na waɗannan tuddai sun ɓace daga duniya, saboda kwasar ganima da gurɓatar ruwa da cututtuka. A birnin New York na Amurka, tun 2014 ake kashe dukiya ana mayar da kawa cikin ruwan da kakanninsu suka kwashe ta. Mu kuwa rafukanmu da yawa Galma suke gangarawa, wadda mutanen Zariya ke sha, Galma ta shiga Kogin Kaduna, Kaduna ta shiga Neja, Neja ta kai teku. Wanda ya wanke tankin feshi a Kudan ko Ikara bai san iyakar waɗanda ya shayar ba.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai daga Gambiya yake, ƙasar Musulmi 'yan uwanmu. Kusa da Banjul akwai dausayin Tanbi, inda wasu itatuwa ke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje, kawa tana manne a jikinsu. Matan da ke ɗibarta talakawa ne liƙis. Da suka ga kawar tana ƙanƙancewa, ga shi sai sun yi nisa da kwalekwale kafin su samu, sai suka haɗa kai a 2007 cikin ƙungiyar TRY, bisa jagorancin Fatou Janha Mboob, har suka haura mata 500 daga ƙauyuka 15. A 2012 gwamnati ta rattaba hannu a kan cewa haƙƙin ɗibar kawa a Tanbi nasu ne su kaɗai. Su da kansu suka amince a rufe ruwan wata takwas a shekara, a buɗe daga Maris zuwa Yuni, a kuma daina sare saiwa don a ciri kawa. Ka duba fa, macen da abincin 'ya'yanta ke cikin ruwa ita ce ta yarda ta ɗaga hannu wata takwas. Ba ta yarda ba sai da ta tabbata cewa abin da ta bari yau ba wani mai ƙarfi ne zai zo ya kwashe gobe ba.

A nan ne na tuna da babin hima a littattafan fiƙihu, wato keɓe wani yanki na ƙasa a hana taɓa shi don amfanin jama'a. A zamanin jahiliyya shugaban ƙabila yakan sa karensa ya yi haushi, duk inda muryar ta kai ya zama makiyayarsa shi kaɗai. Musulunci ya rushe wannan, bai kuwa rushe keɓewar ba, manufarta ya sauya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakin Musulmi. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya keɓe Rabaza, ya kuma umarci bawansa Hunayyu, wanda ya ɗora a kan tsaron hima, da ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Dalilinsa shi ne waɗannan biyu suna da gonaki da dabino da za su koma wa idan dabbobinsu sun halaka, talaka kuwa ba shi da inda zai nufa sai ƙofar shugaba. Allahu Akbar! Sahabbai biyu daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, amma garkensu aka fara tsarewa.

Mu kuwa a yau akasin haka muka iya. Idan aka ce za a kare ruwa ko daji, yaron da ke riƙe da ƙugiya da tsohuwar da ke tsintar itace ake fara kamawa, tifar mai kuɗi ta wuce da yashi ana ɗaga mata hannu. Shi ya sa ban ga laifin manomin fadama ba idan ya ji maganar kare muhalli ya tsuke fuska. Ya sha gani. Mutumin da ya ci bashin taki da man injin ban ruwa, wanda tumatirinsa ko rakensa ne kaɗai zai biya, ba za ka ce masa ya bar taku goma a bakin rafi ba alhali maƙwabcinsa mai hanya yana nome nasa har cikin ruwa.

Ra'ayina shi ne kada mu jira doka daga Abuja ko Kaduna. A kowace gunduma ta Ikara da Makarfi da Kudan, hakimi da dagatai da limaman Juma'a da masunta da manoman rani su zauna, su zaɓi gurbi ɗaya tak wanda ba ya ƙafewa da rani, su nemi amincewar masarautar Zazzau da ƙaramar hukuma, domin hima aikin shugaba ne, ba na kowa da kowa ba. A wannan gurbi a hana guba, a hana kamun kifi da gidan sauro wanda ba ya barin ko 'ya'yan kifi, a hana wanke tankin feshi, a hana ɗibar yashi, kuma a fara da mai tifa. Tsaronsa a ba wa waɗanda ke ci daga gare shi, kamar matan Tanbi, su ne kuma za su fara shiga ranar da aka buɗe. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kabawa sun daɗe suna hana su a Matan Fada ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa sai lokacin bikin Argungu, kuma manyan kifayen da duniya ke zuwa kallo wannan hanin ne ya raine su.

Na riga na kai maganar ga limamin unguwarmu, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai tuntuɓi dagaci idan an gama saran rake. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko na san masu tifofin da ke ɗibar yashin. Na ce masa na san su, shi ma ya san su, a sahun gaba suke salla.

Wassalamu alaikum.